Mutumin da Muka Bari a Jidda

Sallama gare ku, 'yan uwa masu bin labarina. Wanda ya shigo yau ma bai makara ba, bari in ɗora shi a kan hanya. Sunana Lauratu, 'yar Toranke ce ni, can ƙasar Ajingi gaba da Gaya. Abin da zan ba ku ya faru ne a shekarar da ta biyo bayan ƙarewar yaƙin basasa, lokacin ina da ƙuruciyata amma na riga na zama bazawara. Mijina na fari, Haruna, ya shiga soja bai dawo ba. Na yi takabata na gama, na koma ɗakin Inna mahaifiyata, ko ɓari ban taɓa yi ba.

A shekarar ne kakana Bubayero ya sayar da shanu ya biya Makka. Idonsa ya riga ya yi hazo, kunnen ma sai an ɗaga murya, ga shi Baffa mahaifina ba zai iya barin gona da sauran dabbobi ba. Aka duba aka ga ni ce ba miji ba goyo, sai Kaka ya ƙara sayar da sa guda ya ce amaryarsa ce za ta riƙe masa sanda, don haka yake kirana tun ina rarrafe. Ta haka na zama Hajiya, kuma ta haka na san Alhaji Inuwa.

Alhaji Inuwa mutumin Gaya ne, ejan ne na alhazai. Shi yake bin ƙauyukanmu yana tara maniyyata, ya kai su a yi musu hoto da allura da fasfo, ya raka su har ƙasa mai tsarki ya dawo da su. Dogo ne, wankan tarwaɗa, da haƙorin Makka biyu a sama, kuma matarsa ta rasu bai sake aure ba. Ba zan ɓoye muku ba, na so shi. A filin jirgin Kano na fara son sa, a filin jirgin Jidda kuma son ya ruɓe a cikina har yau ina jin ɗoyinsa.

Ranar tafiya a babbar mota aka kwashe mu daga Gaya, mu da 'yan rakiya, muka haye gadar Wudil ana ta kabbara. Ban taɓa wuce Gaya ba sai ran nan. Amma filin jirgin Kano, duk da girmansa da ƙarar da ke sa hanjin mutum rawa, gida ne. A waje masu fura da masu tsire sun yi layi, 'yan rakiya sun baza tabarmi a inuwar darbejiya kamar an zo suna. Mai sanarwa idan ya faɗa da Turanci sai ya maimaita da Hausa. Ma'aikacin da ke auna kaya ya tambaye mu mutanen ina ne, da ya ji Ajingi sai ya shiga lissafa mana dangin matarsa. A Kano idan ka yi tuntuɓe, kafin ka kai ƙasa wani ya kira sunan ubanka.

A nan Alhaji Inuwa ya yi ta kai da kawowa cikin farar babbar riga da hula ƙube, agogo na walƙiya a hannunsa. Shi ya ɗauki butar Kaka da buzunsa. Shi ya sayo mini lemon kwalba mai sanyi, irin wanda ban taɓa kurɓa ba, ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce a hankali idan Allah ya dawo da mu lafiya zai turo magabatansa. Na sunkuyar da kai.

A cikin ayarinmu akwai wani dattijo daga Gafasa, Malam Kabo, siriri mai yawan murmushi, wanda ya shekara da shekaru yana tara kuɗin gyaɗa saboda wannan tafiya. Matarsa Barira ta rako shi har bakin shingen da ba a wucewa. Ta riƙe gefen rigar Alhaji Inuwa tana roƙonsa ya kula da shi, wai cikinsa ba ya son baƙon ruwa. A gaban jama'a Alhaji ya dafa ƙirji ya ce, “Baba Barira, amana ce. Ko a bayana ne zan goyo miki shi.” Mata suka yi ta sa masa albarka. Ni kuwa na ce a raina, Lauratu, Allah ya share miki hawayenki.

Aikin hajji mun yi shi lafiya, wannan wani labari ne daban. A dawowa aka kawo mu filin jirgin Jidda mu jira jirginmu.

'Yan uwa, Jidda ba Kano ba ce. Wani jirgi na sauka wani na tashi, kamar tsuntsaye a gonar gero. Mutane kuwa har iyakar ganinka, farare da jajaye da baƙaƙe, kowa da yarensa, kowa a zaune kan ƙullin kayansa. Iskar da ɗanɗanon gishiri saboda teku na kusa, gumi ba ya bushewa a jiki. Lasifika na ta magana amma ko kalma ɗaya ba taka ba ce. Ba zan yi wa wurin ƙarya ba, akwai ruwa, akwai likitoci, ma'aikata na iya ƙoƙarinsu, sai dai taron ya fi ƙarfin ido. A can idan ka faɗi, sai wanda ya zo da kai ne zai san ka faɗi.

Muka yi kwanaki muna jira, kuma a kwanakin nan na ga wani Inuwa da ban sani ba. Babbar rigar ta koma jaka. Daga shi sai 'yar shara da zani, yana zirga-zirga tsakanin kasuwa da masaukinmu, yana jibgo tire-tire da dardumomi da rediyo da bandir-bandir na yadi. Ya bi tsofaffin ayarin ɗaya bayan ɗaya yana cusa hajarsa a cikin kayansu don a auna da sunansu. Wanda ya yi ƙorafi sai ya daka masa tsawa ya ce fasfonsa na hannunsa. Kaka da ya ɗaukar wa buta a Kano, a Jidda ko sannu bai ƙara ce masa ba. Malam Kabo da ba shi da komai sai jarkar zamzam da 'yan dabino, shi aka fi labta wa.

Ana nan gudawa ta kama Malam Kabo. Ni ce mace mai ƙuruciya a kusa, ni na riƙa dama masa kunu ina ɗebo masa ruwa. Na je na sami Alhaji na ce a kai shi wurin likita, ga ɗakinsu can ana gani. Ya ce in bari tukuna. Na sake komawa, ya ce idan likita ya riƙe shi za a cire sunansa daga jirgi, kayan da aka auna da sunansa kuma a sauke su. Na zaci wasa yake yi. Na dubi fuskarsa na ga ko alamar wasa babu.

Da safiyar da aka kira jirginmu, wuri ya rikice, kowa na jan kayansa. Malam Kabo ya kasa tashi, ya kuma ɓata jikinsa, yana ta jan zani yana rufewa don kunya. Alhaji Inuwa ya zo ya tsaya daga nesa, ya zaro hankici ya tuttula masa turare ya toshe hanci. Ya kira wasu 'yan dako biyu ya sa suka ɗauki dattijon suka kai shi bayan wani tulin kayan mutanen wata ƙasa, jikin bango, inda 'yan ayarinmu ba za su hango ba. Ya ce masa ya kwanta nan, yanzu zai zo da likita. Daga nan ya juya ya nufi layi.

Na sha gabansa, hannuna ɗaya riƙe da sandar Kaka.

“Alhaji, Malam Kabo fa?”

“Ki ja kakanki ki bi layi.”

“Ai da ransa.”

“Da ransa yanzu. Wannan ko Kano ba zai kai ba. Mutuwa a ƙasa mai tsarki ai rabo ne, wasu roƙa suke yi ba su samu ba. Kada ki jawo a tsare mana jirgi.”

Yana rufe baki sai ga wani ma'aikaci mai farar riga ya tsaya a kan Malam Kabo, ya waiwayo ya nuna shi, ya tambayi Alhaji wani abu da Larabci. Ba na jin Larabci, amma na ga Alhaji Inuwa ya girgiza kai ya buɗe tafukan hannunsa, kamar wanda aka tambaya akuyar wa ce wannan. Ma'aikacin ya juya da sauri kamar mai zuwa kiran wani.

Na ja Kaka muka ƙarasa wurin dattijon. Idonsa biyu, hankalinsa garau. Na ajiye masa butar ruwa kusa da hannunsa. Ya dube ni ya ce, “'Yar nan, ki tafi da kakanki kada a bar ku. Ki ce wa Barira ina nan tafe a jirgin baya.” Taro ya turo mu, Kaka na tangaɗi yana kiran sunana, ban san lokacin da muka kai bakin matakala ba. A cikin jirgi na duba kujerar Malam Kabo, sai na ga wani ɗan kasuwa abokin Alhaji ya baje a kanta yana cin dabino.

Kafin mu sauka a Kano, babbar rigar ta fito daga jaka. Alhaji Inuwa ya sauko yana share hawaye da wannan hankicin, ya shaida wa mutanen Gafasa cewa Malam Kabo ya cika da asuba, shi ya rufe masa ido, hukumar can ta karɓe shi aka yi masa sutura. Sauran alhazan ba wanda ya ga komai, kowa ta kayansa yake yi. Barira ba ta zo tarya ba saboda ciwon ƙafa, a gida aka kai mata labari.

Tun ranar da muka iso Toranke na ja Inna ƙuryar ɗaki na zayyana mata komai. Ta saurare ni har na gama, sannan ta leƙa waje ta saki labule. Ta ce tsoho mai gudawa a wannan shekaru ai ko awa bai ƙara ba bayan tashinmu, Alhaji ya taƙaita wa iyalin tsohon zaman zullumi ne kawai. Ta ce duk malaman da ke cikin jirgin ba su gani ba sai ni mai idon mikiya? Ta ce in tuna ni bazawara ce, ba kullum ake samun mai mota yana sallama a ƙofar gidan manomi ba, in kama bakina in bar wa Allah.

Washegari tsaraba ta fara shigowa. Wata tsohuwa mai suna Gaji, dillaliya ce a Gaya, ita Alhaji ke aikowa. Ta kawo wa Inna tire mai hoton Ka'aba, Baffa darduma mai laushi kamar gashin ɗan rago, gida kuma rediyo mai jakar fata. Ni aka ajiye mini akwatin kwano shaƙe da yadi mai ƙyalli, da kwalli, da zoben azurfa, da kwalaben turare. Inna ta kafa ƙusa ta rataye tiren a saman jerenta, maƙwabta na shigowa kallo. Ni kuwa na san tiren nan. A cikin buhun Malam Kabo na ga an cusa irinsa. Gaji ta riƙa zuwa kusan kullum da saƙo, yau Alhaji ya ce bai iya cin abinci, gobe ya ce ya sa a yi wa ɗakina rufin kwano, jibi ya ce wane launi nake so a shafa. Na buɗe kwalbar turare ɗaya na shinshina, sai da na fita bayan ɗaki na yi amai. Shi ne na hankicin.

Baffa ya ce shi ba zai yi mini dole ba, bazawara ita ke zaɓa wa kanta. Amma a gidan nan har kaji sun san amsar da ake jira in bayar.

Ran wata Laraba bayan la'asar sai ga fijon Alhaji Inuwa ta tsaya a ƙofar gida, yara na shafa ta. Maza suka cika zaure, don ba kullum ake samun wanda ya hau jirgi sau da yawa ba. Inna ta sa na ɗaura sabuwar atamfa, ta miƙo mini ƙwaryar fura ta ce in kai. Na tsaya a bayan zana ina jin sa.

Wani ne ya tambaye shi tsakanin filin jirgin Kano da na Jidda wanne ya fi. Ai kuwa kamar an sosa masa inda yake ƙaiƙayi. Ya gyara zama ya ce filin Kano in aka ajiye shi kusa da na Jidda, tashar motar Gaya ce ranar da ba kasuwa. Ya ce a Kano sai ka gama cin tuwo ka wanke hannu kafin wani jirgi ya sauka, a Jidda kuwa kafin ka yi hamma uku sun sauka. Ya ce fitilun Jidda allura ma in ta faɗi sai ka tsince ta. Amma, in ji shi, Kano ta fi sauƙin awon kaya, don akwai sanayya, kuma abincinta ya fi dacewa da cikin Bahaushe. Matafiyi mai dabara, ya ce, a Kano ya cika cikinsa, a Jidda ya cika jakarsa. Aka kwashe da dariya. Ya ƙara da cewa Jidda ba wurin da baƙauye zai je shi kaɗai ba ne, dole sai da ejan mai tsoron Allah, in ba haka ba mutum sai ya ɓace kamar an jefa tsakuwa a rijiya.

Dattawa suka yi ta gyaɗa kai. Wani ya kawo zancen Malam Kabo. Sai na ji muryar Alhaji ta yi laushi, ya ce Allahu akbar, bawan Allah a cinyarsa ya cika, da kalmar shahada a bakinsa.

Na dubi furar da ke hannuna. Wallahi da ba don albarkar hatsi ba da a kansa zan juye ta. Na dire ƙwaryar a bakin zaure na koma.

Da maza suka watse zuwa masallaci aka ce in fito mu gaisa. Ya zauna a kan kujerar Baffa ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, haƙoran nan biyu na ƙyalli.

“Hajiya Laure, tun da muka sauka kike guduna. Ko laifi na yi?”

“Alhaji, a wace maƙabarta aka binne Malam Kabo?”

Murmushin bai bar fuskarsa ba, idon ne kawai ya canza. Ya ce abin da ya faru a Jidda, Jidda ta cinye shi. Ya ce mace mai hankali takan san kayan da ake shigowa da su gida da waɗanda ake bari a hanya. Ya ce baɗi ma da ni zai tafi, a matsayin matarsa, in ga yadda manya ke tafiya. Da ya ga ban ɗago ba sai ya rage murya.

“Ki yi tunani. Maganar ejan da ya kai rabin ƙasar nan Makka, da maganar bazawara, wacce za a ɗauka?”

Ya miƙo hannu zai ajiye mini goro a gefen tabarma. Na janye ƙafata kamar kunama ce ta doso ni. Yatsun nan dogaye masu tsabta da na yi ta satar kallo a Kano, yanzu ko ganinsu ba na so.

Bayan kwana kaɗan Inna ta ce mu je Gafasa gaisuwar mutuwa, don ba daɗi a ce wadda ta yi jinya ba ta leƙa ba. Duk hanya tana ja mini kunne, in yi addu'a in yi shiru. Muka tarar da gidan cike da mata ana dakan gumba ta sadaka. Barira na zaune a ƙuryar ɗaki a kan tsohuwar tabarma, kai ba kitso, zani ɗaya ta yafa, 'yar wuƙar takaba a hannunta. Ta rame har ƙasusuwan wuyanta sun fito. A jingine da bango ga jarkar zamzam ɗin mijinta, ita kaɗai Alhaji ya kawo mata.

Muka gaisa, muka yi addu'a. Da aka ce mata ni ce Lauratu sai ta jawo ni kusa ta riƙe hannuna. Ta ce ta ji ni na yi ta ɗawainiya da shi, Allah ya ba ni masu yi mini. Ta ce Alhaji Inuwa kuwa ba ta san da bakin da za ta gode masa ba, ta sa an kama zabbi biyu a kai masa. Sannan ta dube ni da jajayen idanunta.

“'Yar nan, ke mace ce, ke za ki gaya mini. Ya sha wuya wajen fitar rai?”

Inna ta sa farce ta mintsine ni a cinya ta ƙarƙashin mayafi. Na ji zafin har ƙwaƙwalwata. Na san takaba, na san yadda ake kwana ana ƙirga azarar ɗaki. Ni aƙalla takabar gaskiya na yi.

“Baba Barira, ni ban ga fitar ransa ba. Da ransa muka baro shi.”

Taɓaryar da ke tsakar gida ta tsaya. Na ba ta labari tun daga farkon ciwon har bakin matakala, ban rage ba ban ƙara ba. Inna ta yi ta cewa zazzaɓin hanya ne bai sake ni ba, ba wanda ya kalle ta. Barira ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni ko da bakinsa ya yi magana, na faɗa mata saƙon da ya ba ni. Ta maimaita shi a hankali, jirgin baya, jirgin baya. Sai ta ajiye wuƙar a ƙasa ta ce a kira mata Maiwada, ƙanen mijinta.

Kafin magariba zance ya kai Gaya. Maiwada ya kai ƙara wurin dagaci. Alhaji Inuwa ya rantse ya maya, ya ce ni yarinya ce da taron Jidda ya juya wa kai, har aljanu ya ce na kwaso. Wasu suka yarda da shi, don da yawa iyayensu na cikin waɗanda zai kai baɗi. Mata a bakin rijiya suka riƙa yin shiru idan na iso. Liman kuwa ya ce wa Barira ta dakata da takaba, don ba a yi wa wanda ba a tabbatar da mutuwarsa ba. Aka bar ta a tsakiya, ita ba matar aure ba, ita ba mai takaba ba.

Gaji ta sake zuwa, wannan karon ba murmushi. Ta ce Alhaji ya ce har yanzu ƙofa a buɗe take, in je gaban dagaci in ce ruɗewa na yi, shi kuma ya yafe mini a ɗaura aure kafin damina. Inna ta durƙusa a gabana, uwar da ta haife ni, tana kuka tana cewa in rufa mata asiri. Abin ya ba ni tausayi, ya kuma ba ni ƙyama, har na rasa wanne ya fi yawa.

Baffa na zaune a bakin rumbu yana gyaran igiya. Sai ya tashi ya shiga turakarsa ya fito da dardumar nan a naɗe, ya ɗora wa Gaji a cinya. Ya ce tun ranar da ya ji zancen yake shimfiɗa ta ya kasa ɗora goshinsa a kai. Ya ce a haɗa da rediyon da akwatin. Tiren ma da kansa ya shiga ya cire, ƙusar ta fito da ɓarin ƙasa. Inna ta shige ɗaki ta daina yi mini magana.

Da hantsin wata Asabar aka yi sallama, na fito na ga Barira a tsaye tana dogara sanda, ƙullin tabarma a kanta, Maiwada a bayanta. Tun daga Gafasa ta tako da wannan ƙafar. Ta ce sun ji a rediyo ana ci gaba da kwaso ragowar alhazai. Ita idonta ba ya gani daga nesa, Maiwada kuma bai taɓa shiga filin jirgi ba. Ta roƙi Baffa ya ara mata ni. Baffa ya dube ni, na shiga na ɗauko mayafina.

A filin jirgin Kano akwai wani bene da masu tarya ke hawa su hango masu saukowa. Da ƙyar muka hau da ita. Jirgi ya sauka, aka jingina matakala, alhazai suka fara fitowa da jarkoki da laima, jama'a na ɗaga hannu suna kiran sunayen nasu. Barira ta damƙe wuyan hannuna. Duk tsohon da ya fito sai ta ce in duba da kyau, siriri ne, yana ɗan karkata kafaɗar hagu. Na duba har idona ya yi ruwa. Na ƙarshe ya sauko, wata mata ce da yaro a kafaɗa. Aka janye matakala.

Muka sauko muka sami wani ma'aikaci, Maiwada ya yi masa bayani. Mutumin ya ce saura jirgi ɗaya, wanda zai kwaso waɗanda aka sallamo daga asibiti da waɗanda suka ɓace wa ayarinsu, amma bai san ranar zuwansa ba, ko gobe ko wani mako. Barira ta yi masa godiya. Ta nemi gindin wata darbejiya ta kwance tabarmarta ta shimfiɗa, ta ce ita nan za ta zauna har ya zo, mu in mun gaji mu koma.

Na ɗauki buta zan nemo mata ruwan alwala. Ina zagayowa ta inda ake ajiye motoci sai na hango wata mota. Fijo ce fara, na san ta ko a mafarki. Alhaji Inuwa na jingine da ita cikin babbar riga, yana magana ƙasa-ƙasa da wasu ƙarti biyu, yana nuna musu ƙofar da alhazai ke fitowa. Mutumin da ya rantse gaban dagaci cewa da hannunsa ya rufe wa Malam Kabo ido, shi ma jirgin baya ya zo jira.

Ya ɗago, muka haɗa ido. Ban sunkuyar da kai ba. Na juya na koma wurin Maiwada, na ce masa ya tashi mu matsar da tabarmar Baba Barira zuwa bakin ƙofar nan, ta yadda duk wanda ya fito, mu zai fara gani.